Cocin Sant Climent na ƙauyen Taüll: wa ya fi haƙƙi a kansa, mutanen ƙauye ko masu ziyara?

Istifanus:
Jama'a, barkanku da war haka. Ina so mu tattauna batun tsofaffin majami'un ƙauye da suka zama wuraren yawon buɗe ido, kuma zan kafa maganar a kan coci guda ɗaya domin kada mu yi ta yawo ba alƙibla. A arewa maso gabashin Sifaniya, cikin yankin Kataloniya, akwai wani kwari a tsakanin duwatsun Pirenis da ake kira Vall de Boí, can sama a cikinsa kuma akwai ƙauyen Taüll, wanda mazaunansa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. A bakin ƙauyen akwai cocin Katolika mai suna Sant Climent, wanda Bishop Ramon na Roda ya keɓe domin sujada ranar 10 ga Disamba, 1123, washegari kuma ya keɓe na biyu, wato Santa Maria, a tsakiyar gidajen mutane. Iyalan gidan sarautar Erill, masu mulkin kwarin a wancan zamani, su ne suka zuba dukiyarsu a wannan aiki. Ginin na dutse ne, rufinsa na katako, a gefensa kuma akwai siririyar hasumiyar ƙararrawa mai hawa shida wadda ake hango ta tun daga nesa. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya majami'u takwas na kwarin, tare da wani ƙaramin ɗakin ibada a ƙauyen Durro, cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Abin da ya fi ɗaukaka sunan Sant Climent shi ne zanen da ke cikin rabin ƙubbar da ke bayan bagadi: Almasihu a zaune cikin ɗaukaka, hannunsa na dama a ɗage yana sa albarka, na hagu kuma riƙe da buɗaɗɗen littafi mai ɗauke da kalmomin "Ni ne hasken duniya" da Latin. To amma wanda ya hau dutsen nan a yau domin ganin wannan zane ba zai same shi ba, domin an ɓamɓare shi daga bango fiye da shekara ɗari da suka wuce, yana can Basalona a gidan adana kayan fasaha na Kataloniya. Abin da baƙo yake samu a ƙauyen shi ne hoton zanen da ake haskawa a bango da majigi, bayan ya sayi tikitin shiga. Tambayata ita ce: idan aka cire wa coci zanensa, aka mayar da sujadar yau da kullum wani wuri, aka sa mai karɓar tikiti a ƙofa, shin abin da ya rage coci ne ko kuwa gidan kallo? Kuma wa aka yi wa hidima a cikin wannan duka, mutanen ƙauyen ko mu masu zuwa daga nesa?

Malam Bashir:
Malam Istifanus, tambayarka tana da nauyi, amma ya kamata a san dalilin cire zanen kafin a yanke hukunci a kan waɗanda suka cire shi. A farkon ƙarni na ashirin kusan babu wanda ya san darajar zane-zanen nan a wajen kwarin. Wasu sun ɓoye a bayan manyan allunan bagadi da aka kafa daga baya, wasu kuma an shafe su da farar ƙasa. A shekarar 1907 cibiyar nazarin al'adun Kataloniya ta tura ayarin masana zuwa yankin, cikinsu har da maginin nan kuma masanin tarihi Josep Puig i Cadafalch, suka auna gine-ginen, suka ɗauki hotuna, aka kuma wallafa abin da aka gano. Wannan wallafawa ita ce ta buɗe idon masana, ita ce kuma ta buɗe idon dillalan kayan tarihi, waɗanda suka gane cewa akwai dukiya a bangon majami'un talakawa marasa mai gadi.

A shekarar 1919 aka ɓamɓare zanen cocin Santa Maria de Mur, shi ma a Kataloniya, aka sayar da shi, a 1921 kuma ya isa gidan kayan fasaha na Boston a Amurka, inda yake har yanzu. Masu wannan ciniki suna shirin yin haka ga sauran majami'un dutse, ciki har da na Taüll, kuma dokar wancan lokaci ba ta da ƙarfin da za ta hana su. Sai hukumar gidajen tarihi ta Basalona ta ga ba ta da wata mafita illa ta saye zane-zanen da kanta, ta kwashe su tsakanin 1919 da 1923. Saboda haka zaɓin da ke gabansu ba tsakanin ƙauye da birni ba ne. Zaɓin shi ne ko zanen ya tafi Basalona, ko ya tsallaka teku ya tarwatse a hannun masu kuɗi. Ka ƙara da cewa a shekarar 1936, lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a Sifaniya, an ƙona majami'u masu yawa a Kataloniya tare da abin da ke cikinsu, alhali kayan gidan tarihin an kwashe su zuwa garin Olot an tsare su. A ganina mutanen nan sun yi abin da ya wajaba a kansu.

Rahila:
Malam Bashir, don Allah ka yi mana ƙarin bayani a kan aikin kansa, domin ina ganin hukuncinmu ya rataya a kansa. Zanen da aka yi a jikin bango ba allo ba ne da za a sauke daga ƙusa, balle bango mai lanƙwasa irin na ƙubba. Ta yaya ake raba launi da dutse ba tare da ya farfashe ba, kuma shin abin da ya isa Basalona shi ne cikakken zanen, ko kuwa wani abu ya salwanta a hanya?

Malam Bashir:
Malama Rahila, dabarar ta Italiya ce, kuma ƙwararru daga can aka ɗauko suka yi aikin. Asalin zanen ana yin sa ne a kan ɗanyen shafe, yadda launin zai shiga cikin shafen ya bushe tare da shi. Masu ɓamɓarewa sukan fara share fuskar zanen, sannan su shimfiɗa siririn ƙyalle a kansa, su shafe shi da gam mai zafi da aka dafa daga fata da ƙashin dabba, su ƙara wani ƙyallen mai kauri a sama. Idan gam ɗin ya bushe sai ya tsuke, ya kama launin da ƙarfin da ya fi na bangon, daga nan a kama gefe a riƙa ja a hankali har saman zanen ya biyo ƙyallen, kamar yadda ake feɗe fata. Ana yin haka ne yanki-yanki, a naɗe kowane yanki, a sauko da su daga dutse a kan alfadarai, domin a lokacin hanyar mota ba ta kai ƙauyen ba. A birni sai a kankare bayan zanen, a manna shi a kan sabon yadi da wani gam da ruwa ba ya narkar da shi, sannan a jiƙa fuskar da ruwan zafi har gam na farko ya saki, a yaye ƙyallen, zanen ya bayyana. A ƙarshe aka ƙera wa kowane zane ƙubbar katako daidai awon tasa ta asali, aka ɗora shi a ciki.

Game da tambayarki ta biyu, gaskiya ita ce ba duka ne ya tafi ba. Abin da ƙyalle yake ɗaukowa saman launi ne kawai, wanda ya nutse cikin shafen kuwa yana nan a bango. Shi ya sa a shekarar 2013, lokacin da aka cire kwafin da aka daɗe da kafawa a gurbin zanen, aka tarar da inuwar asalin a jikin ƙubbar, aka gyara ta aka bar ta a fili. Haka kuma akwai wasu ɓangarori da ba a taɓa cirewa ba, cikinsu har da wanda ke nuna Kayinu yana kashe Habila.

Baba Danjuma:
'Ya'yana, na karanta bayanin Malam Bashir da kyau, kuma ban musa ko ɗaya daga cikin abubuwan da ya kawo ba. Amma akwai abin da lissafin ceto ba ya kamawa, kuma a matsayina na wanda ya tsufa yana durƙusawa a gaban bagadi, dole in faɗe shi. Wanda ya zana hoton nan bai zana shi domin a tsaya a yaba gwanintarsa ba, ko sunansa ma bai bari ba, har yau "gwanin Taüll" kawai masana suke ce masa. Ya zana shi ne domin wuri guda tak: saman bagadin da fada, wato limamin coci, yake tsayawa yana ɗaga gurasa da ƙoƙo. Manomi da makiyayi da ba su iya karatu ba, idan suka shigo daga sanyi suka ɗaga kai, sai su ga wanda ake yi wa hadayar yana kallonsu, manzanni da Maryamu kuma suna jere a ƙarƙashinsa. Hoton da bagadin da jama'ar abu ɗaya ne. A Basalona an adana launin, an adana layukan, an ma kwaikwayi lanƙwasar bangon, amma babu bagadi a ƙarƙashinsa, babu kuma mai durƙuso.

Akwai misali a cikin kwarin da ya fi wannan taɓa zuciyata. A cocin Santa Eulàlia na ƙauyen Erill la Vall akwai sassaƙen katako na mutum bakwai da ke nuna yadda aka sauko da Almasihu daga gicciye: shi kansa, da Yusufu mutumin Arimatiya, da Nikodimu, da Maryamu, da Yohanna, da ɓarayin nan biyu. A yau Maryamu da Yohanna suna Basalona, sauran biyar ɗin suna gidan kayan tarihi na bishop a garin Vic, ƙauyen kuma kwafi aka bar masa. An raba uwa da gawar ɗanta a tsakanin garuruwa biyu. Malam Bashir, idan wannan ma ceto ne, to ceto ne mai tsada ƙwarai, kuma waɗanda suka biya tsadar ba su ne suka yanke shawarar ba. Na yarda da hujjar shekarar 1919, amma hujjar wancan lokaci ba ta isa ta rufe bakin mai tambaya a yau ba, bayan an yi titi, an yi doka, an kuma sami na'urorin tsaro.

Hadiza:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni Musulma ce, na kuma taɓa zuwa Taüll a matsayin baƙuwa, saboda haka zan faɗi abin da idona ya gani, ku masu wurin ku auna. Cikin Sant Climent ba shi da girma kamar yadda hotuna suke sa mutum ya zata. Ginshiƙan dutse ne a jere hagu da dama, katakon rufi a fili ba a lulluɓe shi ba, tagogin kuma ƙanana ne, saboda haka ko da rana akwai duhu-duhu. Idan lokacin haskawa ya yi sai a rage fitilu, a fara nuna bangon yadda yake, da ragowar launin da Malam Bashir ya ambata, sannan haske ya riƙa bin layukan ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da da'irar da ke kewaye da Almasihu, ya cika shuɗin, ya cika jan, har bangon gaba ɗaya ya koma yadda masana suke ganin ya kasance a 1123. Shuɗin nan, kamar yadda aka bayyana mana, daga wani ma'adini na duwatsun yankin aka samo shi. Mutanen da muka shiga tare da su suna ta hira da ɗaukar hoto a waje, amma da bangon ya cika babu wanda ya ƙara cewa uffan.

Ban ce wannan ya maye gurbin asali ba. Amma na ga zanen na asali a Basalona daga baya, a cikin babban zaure mai haske, kuma duk da kyansa, a ƙauyen ne na fahimci dalilin da ya sa aka yi idanun da girma haka, aka kuma ja jikin ya yi tsawo: an yi shi ne domin wanda ke tsaye a ƙasa cikin duhu yana kallon sama. Wato kowane wuri yana riƙe da rabin abin.

Sai dai abin da Malam Istifanus bai yi dogon bayani a kansa ba shi ne Santa Maria, wanda tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa daga can. Shi ma an kwashe zanensa, abin da ke ƙubbarsa kwafi ne na Maryamu da jariri da masanan da suka zo daga gabas, ginshiƙansa kuma sun karkace saboda tsufa har mutum yakan tsaya ya sake dubawa. Amma a can ne mutanen ƙauyen suke sujada. Na tarar da kyandir yana ci, da furanni sababbi a gaban bagadi, na kuma ji a jikina cewa ɗakin ibadar wasu na shigo, sai na tsaya daga baya. A Sant Climent ban ji haka ba.

Istifanus:
Malama Hadiza, jimlarki ta ƙarshe ita ce ainihin abin da yake damuna. Ke da ba addininki ba ne kin bambance ɗakin da ake ibada a cikinsa da wanda ake kallo, ba tare da wani ya gaya miki ba. Wannan ya nuna mini cewa ƙauyen ya raba aikin gida biyu: coci ɗaya na baƙi, ɗaya na 'yan gida. Taüll ya yi sa'a yana da majami'u biyu, amma yawancin ƙauyuka guda ɗaya suke da shi, kuma idan aka bi wannan hanya a can, ranar da aka kafa teburin tikiti a ƙofa ita ce ranar da tsohuwar da ta saba shiga ta yi addu'a da hantsi za ta fara jin kanta baƙuwa. Ina so wanda ya san dokar Ikilisiya ya gaya mana ko karɓar kuɗi a ƙofar coci ya halatta ma tun farko.

Yohanna:
Yaya Istifanus, dokar ba ta yi tsauri kamar yadda mutane da yawa suke zato ba. A kundin dokokin Ikilisiyar Katolika na 1983, doka ta 1221 ta ce shiga coci a lokacin sujada dole ne ya zama kyauta kuma a buɗe ga kowa. Ba ta hana karɓar kuɗi a sauran lokuta ba, shi ya sa al'adar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Doka ta 1222 kuma ta ba bishop ikon janye coci daga aikin ibada idan akwai babban dalili, muddin ba za a mayar da shi wurin abin da bai dace ba.

A Faransa lamarin ya sha bamban saboda dokar 1905 da ta raba addini da gwamnati. Majami'un ƙauye da aka gina kafin wannan shekara mallakar ƙananan hukumomi ne, amma an keɓe su domin ibada, saboda haka magajin garin ƙauyen da ba shi da kuɗin kirki shi ne yake fama da rufin da ke yoyo, fada kuma shi ne mai iko da abin da ake yi a ciki. A shekarar 2024 ministar al'adu Rachida Dati ta kawo shawarar a riƙa karɓar Yuro 5 daga masu ziyarar babban cocin Notre-Dame na Paris domin a gyara majami'un karkara da kuɗin, hukumomin Ikilisiya suka ƙi, suna cewa ba za a iya tsayawa a ƙofa ana tantance mai addu'a da mai kallo ba. Da aka sake buɗe ginin a Disamban 2024 bayan gyaran ɓarnar gobara, shiga kyauta ne.

Misalin da na fi so shi ne cocin Wies a karkarar Bavariya ta Jamus, kusa da Steingaden, wanda 'yan'uwan nan biyu Dominikus da Johann Baptist Zimmermann suka gina suka kuma ƙawata tsakanin 1745 da 1754, ya kuma shiga jerin UNESCO a 1983. Yana tsaye ne a tsakiyar makiyaya, mutane kusan miliyan ɗaya suke zuwa a shekara, amma har yanzu wurin ziyarar ibada ne, ba a sayar da tikiti a ƙofa, kuma idan ana sujada ba a yarda masu kallo su riƙa zagayawa ba. Wato agogon ibada ne yake juya ranar, baƙi su bi shi. A ganina ma'aunin ke nan, ba tikiti ba: jadawalin wa ake bi idan buƙatun biyu suka ci karo?

Malam Bashir:
Yohanna, Wies misali ne mai kyau, amma coci ne da ke da jama'a masu zuwa kullum da ma'aikata, kuma a jiha mai arziki, wadda ta iya ɗaukar babban gyaran da aka yi masa daga 1985 zuwa 1991. Ƙaramin cocin dutse da fada guda yake zagayawa tare da wasu ƙauyuka da dama ba shi da wannan gata, kuma ƙofar da aka bari a buɗe ba mai tsaro tana da nata tarihin a Sifaniya. A shekarun 1970 wani ɗan ƙasar Beljiyam da aka fi sani da Erik el Belga ya yi ta wawashe majami'un karkara, har aka kama shi a Basalona a 1982. A Disamban 1979 mutanensa suka shiga tsohon babban cocin ƙauyen Roda de Isábena, suka sace kujerar katako da ake dangantawa da Bishop Ramon, wato shi wannan da ya keɓe majami'un Taüll, aka kuma yayyanka ta domin a ji sauƙin sayarwa. Gutsattsarinta kawai aka samu daga baya. Haɗari na biyu kuma ba daga mugu yake zuwa ba. A 2012, a wani ɗakin ibada kusa da garin Borja, wata dattijuwa mai kyakkyawar niyya ta ɗauki burushi domin gyara hoton Almasihu da damshi ya ci, ta ɓata fuskar gaba ɗaya. Ƙauna ce ta sa ta, amma babu kuɗin ɗauko ƙwararre, babu kuma mai sa ido. Kuɗin tikiti shi ne yake biyan mai riƙe mabuɗi, da mai duba rufi bayan ƙanƙara ta narke, kuma ba don shi ba da yawancin majami'un kwarin nan a kulle baƙo zai same su.

Baba Danjuma:
Malam Bashir, ban ƙi a biya mai gadi ba, kuma ban ƙi baƙo ya taimaka da abin da zai gyara rufin da yake fakewa a ƙarƙashinsa ba. Abin da nake nema ƙanƙane ne. Kada a tambayi ɗan ƙauye tikiti a cocin da aka yi wa kakanninsa baftisma. A ware wani lungu da mai addu'a zai shiga ko da wane lokaci ba tare da ya bi layi ba. A kuma riƙa yin sujada a cikin ginin, ko da sau kaɗan ne a shekara, domin cocin da aka daina addu'a a cikinsa yaran ƙauyen za su tashi suna ganin sa kamar kayan hukuma, ranar da baƙi suka rage zuwa kuma babu wanda zai ji ciwon tsagewar bangonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in an bar shi yana kwana a ciki.

Rahila:
Ina so in mayar da mu kan zanen, domin maganar da Baba ya yi cewa hujjar 1919 ba ta rufe bakin mai tambaya a yau ba tana da goyon baya a ƙa'idar masana kansu. Yarjejeniyar Venis ta 1964 a kan adana gine-ginen tarihi ta ce zane ko sassaƙen da ya zama ɓangaren gini ba a raba shi da ginin sai idan babu wata hanyar kare shi. Idan haka ne, da zarar haɗarin ya kau, tambayar mayarwa takan taso da kanta. Ta kuma taso a zahiri: a watan Mayun 2025 kotun ƙoli ta Sifaniya ta tabbatar da hukuncin cewa gidan tarihin na Basalona ya mayar da zane-zanen gidan ibada na Sijena da ke yankin Aragon, waɗanda aka ɓamɓare bayan an ƙona wurin a 1936. Malam Bashir, me zai hana mutanen Taüll su nemi irin wannan?

Malam Bashir:
Abu biyu ne, Malama Rahila. Na farko na shari'a ne: zane-zanen Taüll saye aka yi, na Sijena kuwa an kwashe su ne a tsakiyar yaƙi ba tare da ciniki ba, kuma a kan wannan bambanci shari'ar ta tsaya. Na biyu na jikin zanen ne. Abin da ke Basalona yanzu ba bango ba ne, siririn launi ne manne a yadi, wanda ya shafe shekaru masu yawa a ɗakin da zafi da damshi ba sa canjawa. Ko a batun Sijena, babbar hujjar masu kula da gidan tarihin ita ce motsa zanen zai iya farfasa shi. Cocin da ke kan dutse mai tsayin kusan mita 1,500 yana daskarewa da hunturu, yana ɗumama da bazara, numfashin jama'a kuma yana ƙara masa damshi, yadi da katako da gam kowanne yana miƙewa yana tsukewa a nasa gwargwado. Idan ana so zanen ya rayu a can, sai an rufe ginin ruf an sa masa na'urorin daidaita iska, an ƙayyade yawan masu shiga, wato sai an mayar da shi gidan tarihi fiye da yadda yake yanzu. Baba zai sami hotonsa a saman bagadi, amma zai rasa ƙofar da yake so a bari a buɗe.

Baba Danjuma:
Na ji wannan, kuma a kan zanen bango ba zan matsa ba, domin ba na son a lalata shi da sunan girmama shi. Amma sassaƙen Erill la Vall ba launi ba ne a kan yadi. Katako ne da ake iya ɗauka, gidajen tarihi kuma sun saba ba juna aron irinsa zuwa ƙasashe masu nisa. Idan ana iya sa shi a akwati a kai shi wani birni domin baje koli, ban ga abin da zai hana a haɗa mutum bakwai ɗin nan wuri guda a cocinsu ba, ko da na Makon Tsarki ne kawai, wato makon da ke kafin Ista, da mai gadi da duk abin da masana suka sharɗanta, sannan a mayar da su.

Malam Bashir:
Wannan mai yiwuwa ne, Baba, kuma ya fi batun zanen sauƙi nesa ba kusa ba. Sharuɗɗan da masu ba da aro za su kafa sanannu ne: akwatin gilashi mai riƙe damshi a ma'auni ɗaya domin kada tsohon katako ya tsage, inshora, tsaro dare da rana, da kuma nisanta kyandir da turaren wuta daga sassaƙen. Wahalar ita ce masu riƙon biyu ne, ɗaya hukumar gwamnati a Basalona, ɗaya kuma gidan tarihin bishop a Vic, saboda haka sai sun amince tare, sai kuma an sami wanda zai biya kuɗin ɗaukowa da mayarwa. Idan da ni ne a majalisar kwarin, a nan zan nemi a kashe wani kaso na kuɗin tikitin, kuma zan fara rubuta wa Vic, tunda biyar daga cikin bakwai ɗin a hannunsu suke.